Ɗigon da ya hana mu barci a Borrowdale

Mancesta, daren Lahadi

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Na san laifina, ba sai ka karanto min ba. Saƙonka yana nan tun kafin Babbar Sallah, kullum in ce gobe, goben ta ƙi zuwa. Amma ka yi min uzuri, wata biyu na yi ina kokawa da ruwa, jiya na kayar da shi, kuma ba zan iya kwanciya ba sai na fesa maka.

Ka tuna motar nan da na turo maka hotonta ka ce na sayi motar burodi? To ita. Tsohuwar Fiat Ducato ce, mutumin da na saya a hannunsa shi ya mayar da ita ɗaki da kansa: gado, murhun gas, wurin wanke kwanuka, har da 'yar kabad. Ya yanka rufin ya dasa taga, santimita 40 kowane gefe, irin wadda ake turawa sama iska ta shigo. Tagar nan ce ta sa uwargida ta yarda aka saya, wai za ta kwanta tana kallon taurari. Taurari a Ingila! Ni dai ban ce uffan ba.

Fitarmu ta farko muka hau babbar hanyar M6 muka nufi garin Keswick, daga nan muka shige kwarin Borrowdale. Daga baya nake jin ashe ƙauyen Seathwaite da ke ƙuryar kwarin ya fi duk wani mazaunin mutane a Ingila shan ruwan sama, fiye da milimita 3,000 a shekara. Wai can na kai motar da ban taɓa gwadawa ba. Wajen ƙarfe uku na dare na ji ɗis a goshi, na ɗauka mafarki ne. Na biyun ya faɗa min a kunne. Na haska tocila, sai ga ɗigo yana taruwa a bakin fitilar silin, ya kumbura, ya tsinke, wani ya biyo bayansa. Tukunyar shayi muka tara har asuba. Auta kam biki ya samu, shi ke ƙirgawa.

Lura fa, a fitila yake ɗiga, tagar kuwa tana can kusan kamu biyu daga wurin, a bushe ƙayau. Da muka dawo na hau tsani na leƙa saitin fitilar, ko tsagar allura babu. Tsohon nan maƙwabcina ya ce wataƙila gumin mota ne, don numfashin mutum huɗu da wutar gas kaɗai sun isa su jiƙa ƙarfe mai sanyi. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, sai na rufe motar kwana uku ba kowa a ciki. Aka yi ruwa, katifa ta sake jiƙewa. Gumi ya fita daga zargi.

Nan na yi abin kunyar. Na sayo silikon irin na banɗaki na zagaye tagar da shi. Mako guda lafiya, sai ɗis. Na ƙara wani a kai. Ɗis. A karo na uku tagar ta koma kamar an yi mata rawani, ruwan kuma bai fasa ba. Kada ka yi dariya, injiniyan Samaru, kai da ka toshe radiyeton motar Kawu da garin kwaki muka kwana a Kwanar Dangora.

Ina kan tsanin nan maginin gidan Kaka ya faɗo min a rai. Ka tuna shi, mai goro a kunci, da yake zuwa kafin damina ya hau soro? Kaka ta ce ya ɗan shafe tsagar kawai, shi kuma ya ƙi, sai ya ɓamɓare tsohon yaɓen har ya ga lafiyayyar ƙasa sannan ya kwaɓa laso, katsi da gashin jima da dafara, mu kuma muna toshe hanci. Kullum faɗansa ruwa ba ya sauka inda ya shiga, bin azara yake. Muna ce masa mai son ƙarin kuɗin aiki. Allah ya jiƙansa, ashe ni yake yi wa karatu.

Af, wai da gaske ne Dogo zai ƙara aure? A bakin Na-Goggo na ji, ka san shi kuma da ƙarin gishiri. In gaskiya ne ka ce masa ya fara gyara ɗakin da kwanonsa ya yaye tun bara. Kuma har yau bai biya ni kuɗin takalmin ba.

To, sai na ciro tagar ɗungurungum. Na kwance firam ɗin ciki, na zura zaren kamun kifi a ƙarƙashin na sama ina ja kamar zarto har gam ɗin ya saki. Abin da na gani ya sa na zauna a kan rufin na yi shiru. Rufin motar ba shafaffe ba ne, tudu da kwari ne kamar kwanon gida. Bawan Allahn nan ya ɗora tagar a kan tuddan, kwarurrukan kuma ya cusa musu silikon ya tafi abinsa. A kusurwar gaba ta hagu yatsana ya shige ƙarƙashi salin alin. Ta nan ruwan ke shiga, ya bi wayar lantarki a ɓoye, ya je ya sauka a fitila. Katakon da ya tallafe tagar ya yi baƙi ƙirin, ina taɓawa yana marmashewa, bakin ƙarfen da ya yanka kuma ko fenti bai shafa masa ba, tsatsa ta fara ci.

Wahalar duniya ita ce kankare silikon. Ba abin da ke kama jikinsa, har sabon silikon ba ya kama tsoho, shi ya sa rawanina uku suka tashi a banza. Yini biyu na yi da tsohon katin banki da sifirit, don wuƙa za ta kwarzane fenti. Na goge tsatsar, na shafa fenti, na yanko sabon katako. Kwarurrukan na cike su da yankan roba daidai tsayin tuddan, na manne da wani gam mai suna Sikaflex. Shi kuma ba ya son sanyin da ya gaza digiri 5, ga shi dole wurin ya bushe kafin a shafa, a garin da rana ke leƙowa kamar mai bin bashi. Kwana tara motar tana lulluɓe da tamfol ina duban sama. Sannan na shimfiɗa butil, wani danƙo baƙi mai kama da cingam wanda ba ya daskarewa, in mota ta motsa ya motsa tare da ita. Na zaunar da tagar, na ɗaure sukurori kusurwa da kishiyarta, a hankali, har danƙon ya ɗan ɓullo ta gefe. In ka matse da zuciya firam ɗin roba ne, tsagewa zai yi. Bayan kwana biyu na ƙara musu rabin juyi.

Gwaji kuwa da tiyo, daga ƙasa ina hawa, gefe bayan gefe, uwargida na ciki da tocila tana jiran ta ga na kunyata. Ba ta samu ba. Amma tiyo ba ruwan Allah ba ne, sai jiya da aka kwana ana tafkawa da iska na ɗauki bargo na je na kwanta a motar ni kaɗai, a ƙofar gida, goshina saitin fitilar. Na farka goshi a bushe. Maƙwabcin ya gan ni ina fitowa da matashin kai da sassafe, na tabbata ya ɗauka korata aka yi.

Na san akwai abin da ka tambaye ni a saƙon nan, wallahi ya shige min, wayar kuma tana sama tana caji. Sake turowa. In ka samu mai zuwa a aiko min da yaji da kuka, ban da kilishi, kwastan ƙwacewa suke yi. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata gwiwar da sauƙi, kada ka ce mata na hau tsani.

Naka,
Bakanon da ka raina