Wa ya tunkuɗa fasinjan Keke Napep?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na daren Talata ya ɓata mini rai. Malamin da kuka gayyato ya ce wa ɗalibai wai idan keke ya sha kwana a shataletale, akwai wani ƙarfi da ke tunkuɗa fasinja waje, daga nan ya wuce wani batu. Haba malam! A wurin wa? Na ƙare aikina ina koyar da fiziks a nan Sakkwato, kuma wannan tambaya ita ce farkon abin da nake sa wa yara a kai.

Mai shayin da ke zaune bakin titi ba ya ganin wani abu da ya tura fasinja. Abin da yake gani shi ne jikin mutum yana son ya miƙe sak, kamar yadda masanin kimiyya Newton ya rubuta tun 1687, keken ne ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa, sai ƙarfen gefe ya tare shi ya mayar da shi cikin kwana. Wanda ke cikin keken kuwa mazauninsa juyawa yake, dole ya ƙara wannan ƙarfi a lissafinsa kafin lissafin ya daidaita. Ba laifi ba ne a yi haka, amma a gaya wa yara daga ina ake kallo.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a fadamar Rima ya san wannan a hannunsa. Ka wulwula majajjawa ka saki, dutsen ya bi hanyar da yake fuskanta a daidai lokacin, domin igiyar da ke janyo shi tsakiya ta daina. Muna yara ba wanda ya koya mana, kunnen ƙanena ne ya biya kuɗin darasin.

Ga shi mu kanmu a kan abu mai juyawa muke. Juyawar ƙasa na tafiya da Sakkwato sama da kilomita 1,600 a awa. A 1851 masanin kimiyya Foucault ya rataya dunƙulen ƙarfe a Paris, mutane suka ga hanyar lilonsa na karkata a hankali, alamar ƙasa na juyawa a ƙarƙashinsa. Da a nan garin aka rataya shi, sai an haura kwana huɗu kafin hanyar lilon ta kammala zagaye ɗaya, saboda kusancinmu da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Minti biyu sun isa a faɗi wannan.

Jikata mai shirin JAMB ta kwafe maganar malaminku a littafinta. Da na gyara mata sai ta ce, "Kaka, ai a rediyo aka faɗa." Ku dawo da shi ya gyara da bakinsa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir a tsakiyar shirin. Sau uku aka katse malamin, ɗaya ma yana tsakiyar amsa tambayar wani yaro daga Wamakko.

Naku,
Tsohon malamin fiziks,
Mabera, Sakkwato.