Wasiƙa zuwa ga Inna daga tsibirin Moyo

Bogor, Indonesiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da yara duka. Yaya damina? Yaya ƙafar Baba, kumburin ya saɓe kuwa? Ni ina nan lafiya ƙalau, karatu sai godiya. Na san Auta ce za ta karanta miki wannan daga wayarta. To Auta, ki bi shi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Yaya ya gaya mini kin yi ta neman layina makon jiya, har abinci ya gagare ki ci. Ki yafe mini. Na bar masa saƙo kafin in tashi, ashe wayarsa tana wurin mai gyara. Tafiya ce ta taso ba shiri. Limamin masallacin unguwarmu ya haɗa ni da wani dattijo ɗan ƙasar Kuwait da ya zo hutu da 'ya'yansa maza 2, suna neman tafinta mai jin Larabci da yaren Indonesiya. Larabcin nan da Baba ya dage sai na koya, ina kuka yana raka ni Islamiyya, shi ne ya ba ni wannan aiki. Ki gaya masa haka.

Daga Jakarta muka hau jirgin sama zuwa Lombok, daga can ƙaramin jirgi mai farfela ya kai mu Sumbawa Besar cikin kamar rabin awa. Kafin mu gangara bakin ruwa an biya da mu tsohuwar fadar sarkin garin, ana ce mata Dalam Loka. Da katako zalla aka gina ta a 1885, tana tsaye kan ginshiƙai 99, adadin sunayen Allah kyawawa. Dattijon ya ce sai ya ƙirga da kansa, muka bi shi yana dogara sanda yana ambaton sunayen ɗaya bayan ɗaya. Daga nan jirgin ruwa ya ɗauke mu, awa guda da 'yan mintoci muna kan teku, sai ga Moyo.

Inna, ƙasar wurin ta ba ni mamaki. Nan Bogor kusan kullum sai an yi ruwa, ko'ina kore shar. Can kuwa rani suke ciki, ciyawa ta bushe ta yi ja, ganye ya zube, ga itatuwan tsamiya manya-manya. Da ba don teku ba sai in ce dajin bayan garinmu ne a watan hunturu. Har zogale suna ci, sai dai su ba kwaɗo suke yi da shi ba, romo suke yi masa.

Masaukin da muka sauka babu gini mai hawa ko ɗaya. Tantuna ne kamar 20 a warwatse ƙarƙashin itatuwa, wasu suna kallon ruwa, wasu sun ɗan shige daji. Amma kada ki ɗauka irin tantin da kika kwana a ciki a Mina ne. Ƙasansa katako ne mai sulɓi, sai an cire takalmi. Gefensa tagogin gilashi, samansa kuma yadi ne mai kauri ruwan madara, an ja shi ya yi tsini a tsakiya kamar bukkar Fulani. A ciki akwai gado da mutum 4 za su kwanta ba wanda ya taɓa wani, da gidan sauro fari, da na'urar sanyaya ɗaki, da banɗaki mai ruwan zafi da na sanyi. Na zaci za a kai ni wajen ma'aikata in kwana. Dattijon ya ce a'a, wanda yake magana da bakinsa ba zai kwana a bayan gida ba, ya sa aka ba ni tanti nawa ni kaɗai. Na ga takardar kuɗin da idona: kwana ɗaya ya haura dala 1,000. Ban mayar miki da shi naira ba, don na san abin zai tsaya miki a rai kamar yadda ya tsaya mini.

Yaron da ya raka ni ya nuna mini komai, sannan ya ja kunnena a kan abu ɗaya tak: in riƙa rufe ƙofa saboda birai, don suna shiga su kwashe ayaba da sukari. Na tsaya ina jira ya ƙara wani gargaɗin. Bai ƙara ba. Ya yi mini sai da safe ya tafi.

Daren farkon nan shi ne dalilin rubuto miki wannan wasiƙa.

Wajen ƙarfe 2 na farka firgigit. Tafiya nake ji a bayan tantin, ana taka busasshen ganye, ƙaras, ƙaras, a tsaya, a sake takawa. Kafin in san inda nake har na sauko daga gado, na laluba takalmina a duhu na riƙe a hannu, na kasa kunne ko zan ji babura. Kin san wannan riƙon takalmin, ke kika koya mana shi a shekarar da muka bar gida. Ƙirjina yana ta dukan uku-uku. Da ƙyar na ɗaga labule kaɗan. Wasu dabbobi ne masu kama da barewa, sun fi tamu girma, su 3, namijin da ƙaho mai rassa. Suna kiwo abinsu cikin farin wata, ɗaya ta ɗago kai ta dube ni, ta ci gaba da ci.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Sai a lokacin na tuna cewa ruwa ne ya kewaye mu, ba wata hanya da ta shigo wurin daga wani daji, duk mai zuwa sai ta jirgi, kuma tun daga nesa za a hango shi. Na koma na kwanta. Inna, wallahi rabona da barci irin wannan tun kafin a fara kwanan zaune a garinmu. Yadi ne kawai tsakanina da sararin Allah, amma na yi barcin da ban taɓa yi ba a bayan ƙofar ƙarfen da Baba ya sa aka yi mana, mai sakata 3.

Na tashi kafin asuba na fita waje. Babu wutar gari da za ta kashe taurari, duk sun fito. Na ga Kaza da 'Ya'yanta, daidai yadda Kaka take nuna mana idan an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida lokacin bazara. Kin tuna? Maza a ƙofar gida har bakin masallaci, mata da yara a ciki, a kwana a waje ba wanda ya damu da sakata. Mu kyauta muka same shi, ba mu ma san wani abu ne ba. Nan ga mutane sun ƙetaro duniya, sun biya kuɗin da zai sayi gona, don su kwana 5 a irin wannan shirun. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Na ɗanɗana, na san abin ya cancanci a neme shi. Abin da ya yi mini ciwo shi ne na tuna Gwaggo da watannin da ta yi da jikokinta a filin makarantar firamare, ƙarƙashin tamfol, ruwa yana bi ta ƙasa yana jiƙa buhun garinsu. Ita ma a tanti ta kwana. Na ɗaga kai na dubi rufin nawa, ko ɗigo ba zai ratsa shi ba, sai hawaye.

Da na zo yin salla sai da na duba alamar alƙibla sau biyu, ko da yake na saba. A wannan ƙasar yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa, domin Makka tana yammacinmu. Wato lokacin da kuke kallon gabas ina kallon yamma, Ka'aba tana tsakaninmu, muna fuskantar juna. Tun da na lura da haka nake jin sauƙin kewa. A can awa 7 na riga ku, nan Bogor kuma awa 6.

Ranar Juma'a muka shiga ƙaramin jirgi zuwa Labuhan Aji, ƙauyen da ya fi girma a tsibirin. Musulmi ne, masunta da manoman kashu. Maza suna zuwa masallaci da zane ɗaure a ƙugu da baƙar hula. Mazhabar Shafi'i suke bi, liman yana bayyana bisimilla a Fatiha. Bayan an sallame aka yi ta miƙo mini hannu, wani tsoho ya riƙe ni ya ce tun da ya dawo daga aikin hajji bai sake ganin ɗan Afirka ba. Wata mata ta kawo mana kifi a romon tsamiya da kurkur, suna ce masa singang. Ta yi mana Larabci tsaf, ashe ta yi shekaru tana aikatau a Saudiyya, kamar yadda mata da yawa na wannan yanki suke yi. Ta ce da kuɗin ta yi wa iyayenta rufin kwano. Wannan magana ta zauna mini.

Daga ƙauyen ake hawa acaɓa zuwa wani ruwa da ke gangarowa daga kan duwatsu a tsakiyar daji, sunansa Mata Jitu. Ruwan kore ne garau, ya taru hawa-hawa kamar an jera kwatanniya. Gimbiya Diana ta Ingila ta zo wurin a 1993, har yau suna ba da labarin. Amma ni abin da na riƙe daga wannan tafiya daban ne. Da babura 4 suka tashi lokaci guda a bayana, sai da jikina ya yi sanyi. Ina waiwayawa na ga yara suna fitowa daga gidaje da gudu, wajen baburan suke nufa, suna ɗaga hannu suna dariya.

Sauran abubuwan zan ba ku labari idan Allah ya haɗa fuskokinmu. Akwai tsuntsu mai kama da zabo da ba ya kwanci, sai ya tara tulin ƙasa da ganye ya binne ƙwansa, zafin ruɓewar ganyen ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan dattijon sun yi sammako zuwa mashigin ruwan Saleh kallon wani kifi da ya fi motar bas tsawo, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa. Ni na zauna da mahaifinsu.

Ta gabas da tsibirin akwai dutsen Tambora. A watan Afrilu na 1815 ya yi aman wutar da tarihi bai rubuta wanda ya fi shi ba. Dubban mutane sun mutu nan take, yunwa da cuta suka kashe dubbai masu yawa a baya, sarautu sukutum suka shafe. Tsawonsa ya kai wajen mita 4,000 a da, yanzu bai wuce 2,850 ba, saman ya tarwatse. Tokar ta tare rana har amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a 1816. Ina fassara wa dattijon wannan labari daga bakin mai tuƙa jirginmu, wanda yake ba da shi yana ɓare gyaɗa. Yau gonakin masara ne a gindin dutsen, da shanu da dawaki. Na daɗe ina tunanin yadda mutane suka koma suka sake yin shuka a wurin, ina tunanin gonarmu ta bakin fadama.

A daren ƙarshe dattijon ya tambaye ni me ya sa nake yawan yin shiru. Na gaya masa komai: daren da aka shigo, shanun Kawu, yadda muka iso Funtua da kayan jikinmu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce a ranar 2 ga Agusta 1990 sojojin Iraƙi suka shiga ƙasarsu, shi ma ya ɗebi iyalinsa a mota ya bi ta hamada zuwa Saudiyya, babban ɗan nan nasa yana goye. Watanni 7 ƙasar ta yi a hannunsu. Ya ce har yau ƙarar jirgi mai saukar ungulu tana tashinsa daga barci. Kakansa kuma a tantin gashin akuya aka haife shi, shi ya sa duk inda ya ji ana kwana a tanti yake zuwa. Muka yi shiru tare, muna jin ruwa yana dukan yashi. Da za mu rabu a Jakarta ya ninka mini abin da muka yi ciniki, ya ce in gaishe ki, ya kuma yi wa Baba addu'a da sunansa.

Kuɗin na tura wa Yaya jiya, ban taɓa ko sisi ba sai na zumar da na saya muku. Ga yadda nake so a yi, in kun amince. A fara sayen kwano da katako a rufa wa Gwaggo ɗakin nan da ta tayar, kafin ruwan Satumba ya zubar da ginin. A nemi kafinta na kirki, kada a bar wa yara. Abin da ya saura a kai Baba asibiti a duba ƙafar sosai, a daina sayen magani a kemis da ka. Auta kuma a biya mata kuɗin jarrabawa.

Sai roƙo ɗaya, Inna. Yaya ya ce Baba yana maganar zai leƙa gona ya ga abin da masu noma ta suka yi. Don Allah ki hana shi. Ni ba zan iya faɗa masa ba, amma ke yana jin maganarki. Ko buhu nawa ne a ciki, a bar su.

Zumar ta daji ce, daga saman dogayen itatuwa ake ɗebo ta, an san Sumbawa da ita a duk ƙasar nan. Kwalba 2 na saya. Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya da zai dawo gida wata mai zuwa, zan ba shi ya kawo, ɗaya taki da Baba, ɗaya ta Gwaggo.

A gaida Baba da kyau, a gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo da jikokinta, da Malam na Islamiyya, da maƙwabtan da suka ba mu ɗaki farkon zuwanmu. Ki ci gaba da sa ni a addu'a. Zan kira ranar Lahadi bayan kun idar da azahar, a sa wayar Auta a caji tun dare.

Wassalam.

Ɗanki