Gaisuwar Sallah, da batun farin tabon nan

Inna da Baba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna nan lafiya, sai kewarku da ta fi damuna yau.

Yaya ta ce tun da na turo hoton ƙwaƙwalwata Inna ba ta runtsa ba, wai farin tabon ya fi na da girma. Laifina ne da na turo shi ba bayani.

Kafin a tura ni cikin injin MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai an yi mini allurar wani ruwa, gadoliniyam. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa masu lafiya ba sa barin ruwan nan ya fita. Inda suka yi rauni ne yake tsiyaya, sai wurin ya yi fari a hoto. Ƙari, wato ciwon da aka yi mini tiyata a kansa, yana raunana su, gaskiya ne, amma gashin da aka yi mini da hasken radiyeshin na mako 6, zama 30, haɗe da ƙwayar maganin ƙari, temozolomid, shi ma haka yake yi. Shi ya sa a watanni 3 na farko bayan gashi tabon yana iya girma ba tare da ƙarin ya dawo ba, daga baya ya tsaya ko ya ragu da kansa.

Likitar ta jera hotunana uku a kan kwamfuta, tun daga wanda aka ɗauka kwana 2 bayan tiyata. Ta auna tsawo da faɗin tabon, sannan ta juyo ta ce in matse yatsunta da hannun hagu. Ta tambayi ciwon kai, ta tambayi ƙwaya nawa nake sha na deksametazon, maganin rage kumburi, domin shi kansa yana rage farin, ya ruɗi mai dubawa. Akwai kuma hoton da ke auna gudun jini: ƙari mai rai jini yake ja sosai, naman da gashi ya ƙona kuwa kaɗan. Nawa kaɗan ne, alhamdulillahi.

Ba ta ce na warke ba, ni ma ba zan ce muku haka ba. Za a sake hoto nan da mako 8. In tabon ya ci gaba da girma, sai a yi wani irin hoto da ake kira PET ko a ɗebo ɗan nama a duba.

Baba, don Allah a daina nuna wa kowa hoton a waya. Addu'arku nake bukata.

A gaida yara da kowa da kowa.

Ɗanku