Anzar Goggo ta yi fure

Rigasa, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in shaida maka cewa anzar nan da ka daɗe kana yi mini dariya a kanta ta yi fure. Ka tuna ranar da Goggo ta zo daga Damagaram da 'ya'yanta ƙulle a bakin zane, ka ce itacen da ya saba da fako da ƙishirwa ba zai jure damunar Kaduna ba? Biyu sun ruɓe, wannan kam ka ci. Amma wadda na shuka kan tsakuwa a bayan gida ta rayu, ga shi da hunturun nan ta fitar da 'yan furanni kore-kore, cunkus a kan rassa. Ina jiran ka janye maganarka a rubuce.

Abin da ke damuna shi ne, idan Allah ya sa ta yi 'ya'ya zuwa farkon damina, babu wanda ya iya sarrafa su a gidan nan sai Goggo, ita kuwa ƙarfinta ya ja baya. Tsotson 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya ba wani aiki ba ne, ko yaro ya iya. Ƙwayar ciki ce mai wuya, domin ɗacinta ba ya barin a hadiye ta, kuma tana cutarwa idan ba a jiƙa ta ba. Sai an shanya, an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kullum, sannan a dafa ta zama dilo. Goggo ta ce da harshe ake gane ta yi, ba da lissafin kwanaki ba.

Jiya ta ba mu labarin yunwar 1984, yadda dilo ya riƙe ƙauyensu bayan gero ya ƙare a rumbu, haka kuma aka sake komawa gare shi a 2005. Yaran nan da suka ji haka sai suka yatsine fuska, wai abincin yunwa ne. Raina ya ɓaci, domin ganyen anza ma shi ake shimfiɗawa a rumbu don ƙwari kada su ci hatsi.

Don Allah ka tambayar mini Hajiya ko su ma suna sa kanwa wajen dafawa, don Goggo ta dage cewa sai da ita, ni kuwa ina son in rubuta komai tun tana iya nuna mini.

Naka har kullum.