Warin Kunnen Kare: A Nemi Tushensa Kafin A Ɗiga Magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu kiwon karnuka, na gadi ne ko na farauta ko na cikin gida, a kan warin kunne. Ni da karena Damisa mun sha fama da shi kusan wata huɗu, kuma rabin wahalar rashin sanina ne ya jawo masa.

Damisa yana da dogayen kunnuwa masu faɗowa su rufe ramin. Ranar da na fara lura, ya zo ne ya ɗora kansa a gwiwata kamar yadda ya saba, sai wani tsami ya bugi hancina, irin na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana uku a bokiti. Na ce wanka yake so. Na yi masa wanka, ruwa ya shiga kunnen, abu ya ƙara lalacewa. Da dare ina daga ɗaki ina jin kunnuwansa suna fat-fat saboda kaɗa kai, can kuma ya sa ƙafar baya yana susa yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Da na ɗaga kunnen dama da safe na tarar cikinsa ya yi ja, da ɗumi, ga wata dauɗa ruwan ƙasa mai maiƙo ta manne a lungunan.

Wani abokina ya ce in goge da sifirit. Na tsoma tsinken auduga na zura. Ihun da karen nan ya yi har yau yana kunnena, kuma kwana biyu bai yarda na taɓa kansa ba. Sifirit a kan fatar da ta riga ta saɓule wuta ce, tsinken kuma tura dauɗar ya yi ciki maimakon ya fito da ita. Kada kowa ya maimaita abin da na yi.

Likitan dabbobi ne ya buɗe mini ido. Ya ce ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne, yana gangarawa ƙasa sannan ya karya kwana ya nufi dodon kunne, kamar harafin L. Ruwa da dauɗa in sun shiga, fitarsu da wuya. Ga ɗumi, ga laima, ga duhu, musamman in kunnen mai rufewa ne ko gashi ya cika ramin. Akwai wata ƙwayar yis mai suna Malassezia da wasu bakteriya da ke zaune a fatar kowane kare lafiyayye ba tare da sun cutar da shi ba. Da zarar wurin ya yi musu daɗi sai su hayayyafa su wuce kima, warin nan kuwa nasu ne.

Bai ba ni magani nan take ba. Sai da ya leƙa da fitilar duba kunne ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba, sannan ya lakato dauɗar ya duba ta a na'urar ganin ƙwayoyin cuta. Na tambaye shi dalilin wannan dogon bincike a kan kunne kawai. Ya ce maganin yis daban, na bakteriya daban, na ƙwarin kunne daban. Waɗannan ƙwari ƙanana ne ƙwarai, sun fi kama 'yan kwikwiyo da kyanwoyi, dauɗarsu baƙa ce busasshiya kamar garin gawayi, kuma suna yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, don haka in an same su duk karnuka da kyanwoyin gidan ake yi wa magani tare. In kuwa mugunya ce ruwan ɗorawa ko kore-kore mai ɗoyi, sau da yawa bakteriya ce, wata ma irin su Pseudomonas mai taurin kai ce da ba ta jin magani da sauƙi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ya ce wasu magungunan ɗigawa, irin masu ɗauke da gentamicin, in dodon kunne ya huje suna iya kurmantar da kare. Ke nan wanda ya ɗauko ragowar maganin wani karen, ko na mutane, ya ɗiga, caca yake yi da jin dabbarsa.

Na Damisa yis ne. Aka wanke kunnen, aka ba mu maganin ɗigawa mai kashe yis da rage kumburi. A kwana na huɗu wari ya ɗauke, amma likita ya ja mini kunne cewa sai na cika kwanakin kuma na dawo da shi a sake dubawa, domin ɗaukewar wari ba ita ce warkewa ba.

Bayan sati biyar abu ya dawo, wannan karon kunne biyun. A nan ne maganar da na fi so masu karatu su riƙe ta fito. Likita ya tambaye ni ko karen yana yawan lasar tafin ƙafarsa, ko yana goga fuska a ƙasa. Na ce ƙwarai kuwa, na ɗauka ɗabi'arsa ce. Ashe borin jini ne, abin da ake kira alaji, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa ciwon kunnen kare ya riƙa dawowa. Wani karen abinci ne jikinsa ba ya karɓa, kamar naman shanu ko kaza ko madara, wani kuma ƙura ce ko garin furanni. Fatar cikin kunne ta kumbura, dauɗa ta yi yawa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Muka sauya masa abinci na sati 8 cur, ba tare da an jefa masa ko loma ɗaya ta wani abu ba. Ƙaiƙayin ya lafa, kunnen ma ya lafa.

Ba kowane kare ne nasa alaji ba. Wani tsinken ciyawa ne ya maƙale masa a ciki, alamarsa ciwon ya zo farat ɗaya a kunne guda. Tsohon kare kuma yana iya samun tsiro a ramin. Abin da bai kamata a kwana da shi ba: kare ya karkata kai gefe ɗaya, ko yana tangaɗi, ko fatar kunnen ta kumbura suntum saboda jini ya taru a ciki sakamakon yawan kaɗa kai. Waɗannan na gaggawa ne.

Yanzu duk sati ina ɗaga kunnuwansa in duba, in sunsuna. Lafiyayyen kunne launinsa ja-ja ne mai haske kuma ba ya wari. In ya yi wanka ko ya shiga ruwa sai na tsane su da tawul mai laushi. In wankin kunne ya kama, ruwan da likita ya ba ni nake zubawa a ramin, in murza gindin kunnen a hankali kamar sakan 30 har in ji yana caɓal-caɓal, in sake shi ya kaɗa kansa, sannan in goge abin da ya fito da auduga iya inda yatsana ya kai. Ba na wankewa kullum, domin likita ya ce yawan wanki shi ma yana ɓata fatar.

Jiya da yamma Damisa ya zo ya ɗora kansa a gwiwata, na daɗe ina shafa kunnen nan na dama bai ko motsa ba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu kuma mai kiwon kare