Roƙon Tallafi: Kada Aikin Shugabannin Makarantarmu Ya Tafi Tare da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu limamai, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai na gida da waɗanda neman abinci ya kai Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna ko Legas, kwamitin kula da ƙaramar sakandarenmu da ke nan ƙasar Argungu yana gaishe ku. Da buƙata muka zo. Muna son kafa asusu a hannun al'umma wanda zai riƙe ayyukan alherin da shugabannin makarantar nan suka fara. Abin da ya kai mu ga wannan shawara shi ne, duk sanda aka ɗauke mana shugaba zuwa wani gari ko ya yi ritaya, aikinsa ba ya daɗewa a bayansa, saboda tun farko da aljihunsa yake tafiyar da shi.

Arewa ba baƙuwar darajar shugaban makaranta ba ce. Kafin a zo da sunan ƙaramar sakandare, makarantar midil iyayenmu suka sani. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 har zuwa 1934 da aka ba shi hakimcin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. Malam Aminu Kano ma a Midil ta Bauchi ya koyar, daga baya ya riƙe makarantar horon malamai ta Maru da ke Zamfara a yau. Alhaji Shehu Shagari kuwa, bayan koyarwarsa a Midil ta Sakkwato, a nan Argungu ya yi hedimasta a farkon shekarun 1950. Duk a gaban allo suka fara koyon riƙon jama'a, da yara masu shekarun waɗanda muke magana a kansu yau.

Shekarun nan uku na ƙaramar sakandare su ne mafi santsi a karatun ɗanmu. Yaro yana shigowa da shekara 12 ko kusa da haka, ya fita yana 15. A tsakanin nan ne ƙarfinsa ke isa aikin fadama, a fara jan shi dashen shinkafa da kora tsuntsaye, ko abokai su fara yi masa zancen ci-rani. A tsakanin nan ne kuma ake ɗora wa yarinya farantin talla don tara kayan ɗaki, masu neman aure su fara sallama. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Amma doka ba ta zuwa ƙofar gida ta tambayi inda yaro ya shiga. Shugaban makaranta ne ke zuwa, in an yi sa'ar samun mai zuwan.

Cikin shugabannin makarantar nan, wanda dattawanmu suka fi tunawa, Allah Ya jiƙansa da rahama, ɗan Giredi Tu ne, irin malaman da kwalejojin horon malamai na da suka yaye. A firamaren ƙauye ya fara, yana zuwa a keke, yana haɗa aji biyu a ɗaki guda. Da aka mai da NCE mafi ƙarancin shaidar malanta sai ya koma ya yi ta, daga baya ya je Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi digiri da furfura a gemunsa. Daɗewarsa a firamare ta sa ya san abin da malamin sakandare bai cika son faɗa ba, wato yara da yawa suna shigowa aji ɗaya ba su iya karanta layi guda. A ganinsa, yaron da bai iya karatu ba, ko an cika masa littafi da darasin kimiyya da tarihi, zane kawai ya kwafa daga allo.

Don haka a makon farko na kowace shekara yakan zauna a ƙarƙashin darbejiya da tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kira sababbin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta masa abin da ya sawwaƙa. Ba ya dukan wanda ya kasa, ba ya kuma bari a yi masa dariya. Sunansa kawai yake rubutawa. Waɗannan yara su ne ke tsayawa bayan an tashi, a fara musu da Hausa, sai bakinsu ya faɗa sannan a shiga Turanci. Ya lura yaran da suka yi nisa a makarantar allo, masu karanta ajami, sun fi saurin kamawa, don sun riga sun san harafi yana ɗauke da sauti, sai ya riƙa haɗa su da na baya suna jan su. Alli da littattafan karatu daga albashinsa suke fitowa, haka ɗan abin da yake ba malaman da ke tsayawa. Akwai ma'aikatan lafiya da malamai a garin nan yau waɗanda a wannan ajin na yamma suka fara haɗa baƙi. Da ya yi ritaya ajin ya ɗan ja, sannan ya mutu. Ba wanda ya yi niyyar kashe shi. Mai ɗaukar nauyin ne babu.

Ni mai rubuta wannan a madadin kwamiti, ina ganin a duk shugabanninmu shi ne ya kama bakin zaren, kuma ajin nan ne abu na farko da za mu tayar da kuɗinku.

Hajiyar da ta riƙe mu daga baya a Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau ta yi karatu, wadda mata zalla take ɗauka, ta kuma daɗe tana koyar da kimiyya kafin a ba ta shugabanci. Ita rajista ce makaminta. Bayan kowane hutu takan bi sunaye ta fitar da 'yan matan da ba su dawo ba, in an yi la'asar ta ɗauki wata dattijuwa ta unguwar su shiga gida gida. Ba ta yi wa uba wa'azi. Tambayarsa take yi me zai sa ya bar 'yarsa ta ƙarasa aji uku. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, ko hijabin makaranta ya yage, ko bayan gida ba ƙofa, ko hanya ba abokin tafiya. Takan tuna wa iyaye mata cewa Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin mulkin Bature a ƙasar nan, saboda haka karatun 'ya mace gadonmu ne. Lokacin da aka sace ɗalibai a Jangebe cikin Fabrairun 2021, aka kuma sake a Birnin Yauri cikin Yunin shekarar, tsoro ya shiga kowane gida, kuma ba wanda zai ga laifin iyaye. Ita ta tara maza suka tsara gadi a tsakaninsu, ta sa aka fara katangar da har yanzu ba ta zagaye ba. Ita ce kuma ta karɓe bulala daga hannun malamai, ta ce duk laifin da ya kai duka a kawo ofishinta. Har gobe ana jayayya a kan wannan a cikin kwamitinmu. Wasu na ganin yara sun yi sake. Ni na ga 'yan matan da suka daina ɓuya a bayan kasuwa don sun makara.

Shugabanmu na yanzu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ya fito, ya ƙara da difilomar koyarwa, ya yi shekaru yana koyar da darasin fasaha. Ra'ayinsa shi ne kada yaro ya gama aji uku hannunsa bai iya komai ba. Yana yawan tuna mana cewa da ma don haka aka raba sakandare gida biyu a tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, domin wanda ba zai wuce gaba ba ya fita da sana'a. An sayo injuna daga waje a wancan lokaci, amma a makarantu da dama cikin akwatunansu suka lalace, ba wuta ba malamin da ya san kansu. Shi bai nemi manyan injuna ba. Zarto yake so da guduma, kekunan ɗinki, da kayan kwance injin ban-ruwa, tun da kusan kowane gida a nan yana da alaƙa da fadama. Wasu iyaye sun ji tsoron kada sana'a ta cinye lokacin shirin jarrabawar aji uku. Mun zauna da shi muka daidaita a kan karatu ne gaba, sana'a ranar Asabar. Shi ma wata rana za a ɗauke shi, kuma shi da kansa ya fara kawo shawarar kada kayan su zama nasa.

To ga abin da muke roƙo. Mafi yawan kuɗin zai tafi ga ajin karatu na yamma, wato alawus ga malaman sa-kai da za su tsaya, da littattafan karatu na Hausa da Turanci waɗanda yaro zai iya tafiya da su gida. Malaman sa-kan nan 'ya'yanmu ne, wasunsu ba su da NCE, muna so mu taimaka musu su yi ta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu, ko ta karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, bisa alkawarin za su dawo su koyar a nan. Daga cikinsu muke fatan samun shugabannin gobe waɗanda suka san gidan kowane yaro. Sai ƙofofin bayan gidan 'yan mata, da ƙarasa katanga, da kayan sana'a gwargwadon abin da ya rage.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jihohi kuma su sa nasu kason kafin su karɓa. Ba mu sauke wa kowa nauyinsa ba, kuma za mu ci gaba da kai kukanmu inda ya dace. Sai dai yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya yana ɗan shekara 12 yana jiranmu ba.

Wannan ba haraji ba ne. Ba yaron da za a kora ko a kira sunansa don gidansu ba su bayar ba. Mun san yadda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar mutane ana dab da girbi, mun san akwai gidajen da har yanzu ba su gama farfaɗowa ba. Wanda ba shi da kuɗi, tiyar shanshera ma taimako ce, kwamiti zai tara ya sayar. Mai bulo ya ba da bulo, mai amalanke ya kawo yashi, magini da kafinta su ba mu yini guda. Tela ko makanike da zai iya zama da yara ranar Asabar ya ba mu sunansa. Tsofaffin ɗalibai masu albashi, ku muke kallo kan alawus ɗin wata wata, don rashinsa ne ya kashe ajin a karon farko, kuma ƙaramin abu da ba ya yankewa ya fi mana amfani a kan babba na rana ɗaya.

Kuɗin ba zai shiga hannun shugaban makaranta ba. Mutum uku ne za su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo: shugaban kwamiti, ma'aji, da wakiliyar iyaye mata. Duk wanda ya bayar za a ba shi rasit, ko da mudun hatsi ya kawo. A ƙarshen kowane zangon karatu za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban taron iyaye, a kuma liƙa shi a allon sanarwa. Wanda ba ya son a ambaci sunansa ya faɗa wa ma'aji, za a rubuta shi a matsayin wani bawan Allah.

Ma'aji yana zama a ofishin makaranta kowace Litinin da Alhamis daga safe zuwa azahar. Na nesa su nemi wakilin tsofaffin ɗalibai na garin da suke, ko su aiko ta hannun ɗan'uwa a karɓar musu rasit. Muna roƙon limamanmu su sanar bayan sallar Juma'a, iyaye mata kuma su isar a wuraren biki da suna. Wanda ke son ganin katangar da bayan gidan da idonsa kafin ya bayar, ƙofa a buɗe take, za mu zagaya da shi.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.

Sakataren kwamiti, a madadin shugaba da sauran mambobi.