Zuwa ga ɗana Bashiru, a ƙarshen shekarar 2023

Assalamu alaikum Bashiru. Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan Sakkwato lafiya lau, hazo ya sauka, Innarka na gaishe ka. Hadiza ce ke buga mini wagga wasiƙa a waya ina faɗa mata, kuma ita ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook kan Nasiru ɗan Baffanka, ka kira shi karen farautar 'yan siyasa, shi ma ya rama da abin da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Na kuma ji wai akwai wani ɗan siyasa da ke turo maka kuɗin data duk wata don ka riƙa kare shi. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Zauna ka tuna shekarar ga tun daga farko. Babban Banki ƙarƙashin Emefiele ya canja takardun 200 da 500 da 1,000, aka ce tsoffin kuɗɗi sun daina aiki 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Kai kana makaranta ba ka ga abin da muka gani ba. Daga sallar asuba nike wucewa layin ATM, a rubuta mini lamba da biro a bayan hannu, rana ta take, a ƙarshe a ce kuɗɗi sun ƙare. Mai POS ya cire dubu ɗaya cikin dubu biyar kana mishi godiya. Mutanen ƙauye su kawo albasa Kara, ka ce za ka yi musu taransifa su dube ka kawai, ba su da asusu, ba su da waya. To ka san wa ke bayana a layin nan kusan kullum? Baffanka, da hular jam'iyyarshi, ni kuma ka san inda ƙuri'ata take. Ranar da jiri ya ɗebe ni shi ya tare ni, ya cire wannan hular yana yi mini fifita da ita, ya saya mini ruwan leda da naira hamsin ɗin da ta rage mishi. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗɗi, lokacin jarin mutane da yawa ya riga ya karye.

An yi zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu, Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan takwas da dubu ɗari bakwai da ɗoriya, amma cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista ko kashi 30 cikin ɗari ba su fito ba. Na gwamna 18 ga Maris, Ahmed Aliyu ya kada Sa'idu Umar. Ka dubi manyan da kuke zagin juna saboda su. Wamakko ne ya riƙo hannun Tambuwal a 2015 duk suna APC, 2018 Tambuwal ya koma PDP, 2019 ƙuri'a 342 ce kawai tsakaninshi da Ahmed Aliyu, yau ga Wamakko ga Tambuwal zaure ɗaya suke zama a Majalisar Dattawa. Su suna sauya sheƙa, su ɓata su shirya, kai da Nasiru da kuka ci tuwo kwano ɗaya a gidan Kaka ina za ku sauya jini?

29 ga Mayu ana rantsar da shugaba ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500, watan Yuli ta wuce 600. Ɗan kabu-kabu bai tambayi kowa jam'iyyarshi ba kafin ya ninka kuɗin Mabera zuwa kasuwa, mai awo ma haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Nijar. 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe bodar Illela, aka yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi. Yaƙi da wa? Goggonka tana Konni, 'ya'yanta rabi nan rabi can. Na je Illela na ga tireloli jere cikin rana, albasa na ruɓewa cikin buhu tana ɗigar ruwa, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya tafi Yamai tare da Janar Abdussalami neman sulhu, a masallacinmu alƙunutu muka yi ta yi. Har yau bodar ba ta buɗe ba. Ga mutanenmu na Sabon Birni da Isa, sai sun biya 'yan bindiga kafin su taɓa gonarsu, ga Tudun Biri can Kaduna da jirgin soja maras matuƙi ya saki bom kan masu Mauludi 3 ga wannan wata na Disamba. Allah ya jiƙansu.

Ban ce ka bar siyasa ba, kar ka fahimce ni ba daidai ba. Ka adana katin zaɓenka, ka fita ka zaɓi wanda zuciyarka ta natsu da shi ko da ba nawa ba ne, ka yi rubutu, ka tambayi inda kuɗin tallafin da aka cire ke zuwa, kai ka yi boko ka fi ni sanin hanyar. Amma wanda ke sa maka data shi ke riƙe da bakinka, ranar da ya yi ba daidai ba ba ka iya cewa uffan. Ka sanar da shi ya daina turowa, nawa ne? Ni zan riƙa sa maka daga shago.

Ka goge rubutun nan yau, ka kira Nasiru, kai ne ƙarami kai za ka fara. Baffanka bai ce mini komi ba amma Juma'ar da ta wuce a masallacin Shehu da muka gaisa bai ɗago ido ba. In an ba ku hutu ka sauka gidanshi kafin ka iso nan, na ba Hadiza kuɗin motarka za ta turo gobe in Allah ya kai mu.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka.